Masarar da Orrin Ya Zuba wa Bareyi

Duk ƙauyen nan na kan tuddan Wisconsin a Amurka ba wanda bai san Orrin Tollefson da bareyinsa ba. Nasa ake cewa, ko da yake ba kiwonsu yake yi ba, na daji ne. Da zarar dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, sai ya ja buhun masara zuwa bayan garken shanu, ya cika wani dogon kwami na katako, ya ajiye dunƙulen gishiri a gefe. Haka ubansa ya yi, haka shi ma ya yi shekara hamsin da ɗoriya. Farauta kuwa sau ɗaya yake fita, a watan Nuwamba, ya harbi namiji guda, ya rataye bindiga sai baɗi.

Maƙwabcinsa Merle, abokin wasansa tun firamare, ba ya gajiya da yi masa tsiya. "Kai Orrin, wannan wace irin farauta ce? Ka ciyar da garke wata huɗu don ka ci guda? Saura ka ɗinka musu riguna!"

A da, bareyi arba'in yake ƙirgawa ta tagar kicin. Suka koma ashirin, suka koma tara. Orrin ya ɗora laifin kan kyarketai, ya ɗora kan motoci, ya ɗora kan 'yan birni masu zuwa harbi. Bawan Allah, maganin da ya gano shi ne ya ƙara masara.

Wata safiya ya tarar da wata uwar barewa tsaye jikin shinge, haƙarƙari a waje, kunnuwa sun langaɓe, yawu na dalala. Ya matsa har ya kusa taɓa ta, ko gezau ba ta yi ba. Nan take ya buga wa hukuma waya.

Noreen, jami'ar kula da namun daji, ita ta zo ta harbe ta, ta yanke kan don a kai gwaji. Sannan ta daɗe tsaye tana kallon kwamin.

"Baba Orrin," ta ce, "sai sakamako ya fito za mu tabbatar. Amma ciwon da muke zargi ta yawu yake bi. In mai shi ta sa baki a nan, na bayanta ma suna iya kwasa."

"'Yar nan, me kike nufi? Abinci fa nake ba su!"

"Na sani, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Ka ƙona kwamin. Ƙasar wurin ma takan riƙe ciwon shekaru. Kada ka bari su ƙara zuwa nan."

Da hannunsa Orrin ya zuba wa kwamin mai ya ƙyasta ashana, yana yi baƙin ciki na cin ransa. Merle ya zo, ya tsaya kusa da shi, ranar kam babu tsiya.

Bayan kwana biyu aka yi dusar ƙanƙara mai nauyi. Da hantsi bareyi takwas suka fito daga kurmi a jere, da yunwarsu, suka nufi bayan garke. Ba su sami komai ba, sai suka hau tonon ƙasa suna lasar inda gishiri ya jiƙa.

Tsohon ya fito ko rigar sanyi babu, da tukunya da ludayi a hannu, yana bugawa yana ihu: "Ku tafi! Ku tafi, don Allah!"

Suka ɗaga kai suka dube shi. Sun san shi sarai, ba wadda ta gudu.