Gidajen da Mota Ba Ta Shiga

A shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, maigidana yana jan motar shanu daga Potiskum zuwa Kurmi. In ya tafi sai ya yi sati uku, ni kuwa ina unguwar Bolewa da goyo, duk motar da ta yi ƙara a titi sai gabana ya faɗi. Ɗana na fari bai zo da kwana ba, saboda haka wannan ta biyun ko atishawa ta yi sai na ɗauki mayafi na fita neman magani. Babu gidan tsohuwar da ban shiga ba, har mata suka sa mini suna Sarkin Tsoro.

Ana nan sai mai motocin da maigidana ke yi wa aiki ya ba shi wata ƙaramar mota. Wasu malaman makaranta ne mata biyu daga Kudu suke yawon ganin ƙasa a lokacin hutu. Ya ce masa in baƙin suka ji daɗi za a bar shi a kan motar baƙi, in kuwa suka yi ƙorafi ya koma shanu.

Maigidana ya kai su Kasuwar Shanu. Da azahar ya dawo, ya zauna ko hula bai cire ba.

"Sun ce shanu ko a garinsu ana yankawa. Gobe za su nemi wata motar su wuce Maiduguri."

"To me suke son gani?"

"Wai yadda mutane ke zaune. Ni namiji, gidan wa zan kutsa?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni ai ina shiga," ba. Ya dube ni ya yi dariya. "Ke da ko akuya ta yi tari sai kin yi salati?" Amma da safe sai ga mota a ƙofar gida.

Ɗayarsu, doguwar, a Jos ta girma, tana jin Hausa. Gajerar ba ta ji, sai rubutu a ɗan littafi. Na ƙara ɗaure goyona muka tafi.

Na fara da gidan wata tsohuwa Babarbariya da ta taɓa turara mini 'yata lokacin mura. Muka tarar tana haɗa turaren wuta. Ta kama gajerar ta zaunar da ita, ta tura mata kasko ƙarƙashin zane. Baƙuwa ta yi tsalle tana ihu, ta zaci ƙona ta za a yi. Tsohuwa ta ce, "Gaya mata ta zauna, mijinta zai zo ya yi mini godiya." Doguwar ta yi dariya har da hawaye kafin ta iya fassarawa.

Daga nan sai gidan Karai-Karai, inda na saba karɓar sassaƙen kuka na wankan jariri. Mata uku suna niƙa a dutse suna waƙa da harshensu, ɗaya ta ɗaga, biyu su amsa. Doguwar ta durƙusa za ta gwada, gero ya watse, kaji suka yi biki. Muka leƙa wurin wata Bangizima, ita ma 'yar wata ƙabila ta yankinmu, mai ginin tukwane, wadda ta ba ni 'yar tukunyar da nake dafa magani a ciki. Kowane gida sai an fara tambayata, "Yau kuma me ya same ta?" in ce lafiya lau, baƙi na kawo.

Bayan la'asar maigida ya kai mu rugar Fulani, ya tsaya daga nesa. Farkon damina ne, fadama ta yi kore, shamuwa sun cika kan wata ƙatuwar kuka. Na nuna musu, na ce in kun ga waɗannan to a gyara iri. Gajerar ta daina rubutu, ta tsaya kallo kawai.

A nan ne ta miƙo hannu tana son ɗaukar 'yata, tana ta yabon kumatunta. Na ja da baya, don ina tsoron kambun baka. Goggon da ke sayar mini da man shanu ta daka mata tsawa: "Ce tubarkalla!" Baƙuwar ta faɗa a karkace, har sau uku. Na kwance goyon na ba ta. Tun da na haife ta, ranar ce baƙo ya fara riƙe ta, kuma ba abin da ya same ta. Kitson baƙuwar ma ta kama tana ja.

Kwana uku suka ƙara a garin. Da za su tafi, doguwar ta je ta gaya wa mai motocin cewa sun ga duwatsun Jos, sun ga kogi a Lakwaja, amma a Potiskum aka shigar da su cikin gida.

Maigidana bai sake jan shanu zuwa Kurmi ba. Duk lokacin da aka kawo baƙi mata, sai in ji ya yi fakin ya leƙo zaure.

"Sarkin Tsoro, ɗauko mayafi."