Littattafan Lissafin Malam Sharafaddeen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran malamina, Malam Sharafaddeen Kusada, tsohon malamin lissafi, bayan gajeriyar jinya.

Malam, kai ka shawo kan mahaifina ya bar ni na ci gaba da karatu, har yau ga ni ina koyar da lissafi a Kankia. Amma sai na faɗa maka gaskiya: ni ma na taɓa zarginka.

Tun da ka yi ritaya ka ɗauki lamba ɗaya ka riƙe, 2,147,483,647. Ka ce ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta, kuma sai ka tabbatar da hannunka. Kullum bayan sallar asuba kana gindin dalbejiya kana raba ta da wata sabuwar lamba, ka rubuta abin da ya yi saura cikin ƙananan gidaje da ka zana a littattafanka. Shekara goma sha biyu kana haka. Mutanen gari suka ga lambobi a cikin gidaje, suka ce hatimi ne, Malam ya koma tsubbu. Har Bubayero, wani makiyayi daga wajen Bauranya, ya kawo maka ƙwaryar nono don ka rubuta masa tsarin shanu. Ka karɓi nonon ka biya shi, ka ce ba ka da wannan ilimin. Bai yarda ba.

Ni kuma na zo da wayata na nuna maka cewa an daɗe da tabbatar da abin. Ka yi dariya ka ce, “Rahamatu ɗiyata, na'ura ta faɗi, amma wa ya gan ta tana yi?” Na tafi ina cewa a raina ko dai mutane sun fi ni gaskiya. Kunyar wannan tunanin tana damuna har yanzu.

Ranar sadakar uku na tambayi matarka, Inna Mairama, littattafan. Ta buɗe akwatinka, babu ko ɗaya. Wanda ya kwashe ya san inda makulli yake, kuma na ga waɗanda suka fi kowa kuka a gidan, su ne dai masu kiranka boka a bayan idonka. Ban kama hannun kowa ba, don haka ba zan ambaci suna ba. Sai dai ranar kasuwar Kusada na ga sabuwar laya a wuyan wani bijimin Bubayero. Na roƙi Bubayero ya kwance ta, ya kwance da ƙyar. Rubutunka ne, Malam. Rabawa ce da abin da ya yi saura, an naɗe ta an ɗinke da fata.

Wanda littafin ƙarshe ke hannunsa, ina roƙonsa don Allah ya dawo da shi kafin a yayyaga. Inda Malam ya tsaya kawai nake son gani, in ƙarasa masa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya wanke sunanka daga abin da ba ka yi ba. Allah Ya ba Inna Mairama da 'ya'yanka haƙuri. Ni kuma ka yafe mini.