Ƙarar da Na Kai Bunkure

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, da na mayar da wadda na kai Bunkure wata Juma'a a tsakiyar shekarun saba'in. Ranar ba ta taɓa barin raina ba.

Lokacin ni ne mai kula da laburare a wata sakandaren kwana ta maza kusa da Kura. Firamare kawai na gama. Aikina in jera littattafai bisa lambar da ke bayansu, in ba yara aro na mako biyu. Turancina ya kai in karanta suna da lamba, bai kai in bi labari ba.

Akwai wani ɗan aji huɗu, Sabi'u, ɗan Malam Inuwa na garinmu Bunkure. Ranar da uban ya kawo shi ya ce mini, "Audu, ga amana. Abin da ka gani ka faɗa min."

Wata rana Sabi'u ya ari wani tsohon littafi cikin waɗanda wata malama Baturiya ta bari. A bangonsa akwai hoton ƙaton gidan dutse da mace riƙe da kyandir. Ba a jima ba ya dawo ya tsaya gaban teburina.

"Baba Audu, ashe Turawa ma suna haɗa aure saboda gado?"

Na ce, "In ji wa?"

"Ga shi nan. Maigidan yana tsoron gidan ya fita daga zuriyarsa, sai ya ƙulla aure, ga fatalwa tana yawo a zaure. Ni fatalwar ba ta dame ni ba, mu ma muna da tamu a tsamiyar bakin rafi. Abin mamakin, na kai rabin littafi, kowa ya tofa albarkacin bakinsa har barori, amma ba wanda ya tambayi amaryar."

Na yi dariya, amma na gane inda maganar ta dosa. Da aikin ban ruwa ya zo, an haɗe gonaki an sake rabawa, gonar Malam Inuwa ta faɗo jikin ta ƙanensa, bakin kanal ɗaya suke sha. Sai suka yanke cewa in Sabi'u ya gama makaranta ya auri Hajara, 'yar baffansa, gonakin su zauna a gida ɗaya.

Na ce, "Kai ba ka sonta ne?"

"Ina sonta mana, tare muka tashi. So nake in ji ko ita tana so. In an yi hutu zan tambaye ta."

A wurinmu lokacin, maganar da iyaye suka rufe ba a buɗe ta; tambaya ma tamkar ƙi ce. Na karɓe littafin. Ran Juma'a na bi gefen kanal a keke, na tarar da Malam Inuwa yana ba alkama ruwa. Na nuna masa bangon, na ce littafin fatalwa ne yake hure wa yaron kunne a kan maganar Hajara. Ban tuna na ce yaron yana sonta ba.

Ya ajiye fartanya ya ce, "To, bokon ya isa haka."

Mako bai zagayo ba ya zo ya ɗauki akwatin ɗansa. Shugaban makaranta ya roƙe shi, ya ce saura shekara guda, kuma yaron yana cikin na gaba a aji. Ya ƙi. Daga nan shugaban ya kira ni ofis.

"Malam Audu, ka karanta littafin?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ƙarar me ka kai?"



An ɗaura auren bayan girbin alkama, Sabi'u bai sake shiga aji ba. Shekaru da dama bayan haka na gan shi a Kura yana lodin tumatir. Bayan gaisuwa na kasa haƙuri.

"Sabi'u, ka tambaye ta kuwa?"

"Na tambaya, Baba. Ta ce da ma tana so, sai dai ita malamin makaranta aka yi mata alkawari, ba mai kwandon tumatir ba."

Shi ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, yaro zai zo muku da littafi da tambayar da ba ku saba ji ba. Don Allah kada ku yi irin nawa. Ku zaunar da shi ya faɗi maganarsa har ƙarshe, kafin ku kai ta gaban ubansa.