Gobe daga nawa za mu tashi?

Har yau ban manta da ranar da Ya Falmata ta shigo shagonmu na unguwar Gomari ba, a shekarar nan da garin ya daɗe babu wutar lantarki. Ina ƙaramin mai rubuta manhaja a lokacin, ƙarƙashin Oga Ishaku, mutumin Biu mai tsokanar tsiya. Ku da kuka zo aiki yanzu ba ku same shi ba, kun yi rashi.

Dattijuwa ce daga Wulari. Ɗanta Modu ya fita shekarun baya bai dawo ba, kuma abin da ya rage mata na kamanninsa wani ɗan hoton katin makaranta ne da ya koɗe. Mai hoton da ya ɗauke shi ya rufe shago, amma ya ba ta faifan kwamfutarsa. Hotuna ne dubbai a ciki, babu suna ko ɗaya.

"Ɗana, fuskarsa kawai nake so, wadda zan gani sosai," in ji ta.

Na zuba hotunan a jeri, kowanne da lambar gurbinsa, wato indeks, daga sifili zuwa sama. Na rubuta lup, umarnin da ke sa kwamfuta ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya tana gwada kowace fuska da ta katin. Matsalar ita ce kwamfutarmu tsohuwa ce mai tafiyar hawainiya, janareta kuma ba ya jimawa. Da ya mutu sai aiki ya koma sifili.

Oga Ishaku ya leƙo ya ga allo baƙi ƙirin. "Kai, Bukar, ka aiki yaro kasuwa ba ka ce ya riƙa faɗa maka inda ya kai ba? Sa lup ɗin ya riƙa buga lambar gurbin mana."

Layi ɗaya na ƙara a cikin lup ɗin. Nan take lambobi suka fara gangarowa a allo. Idan wuta ta ɗauke, sai mu ɗora daga lambar ƙarshe da muka gani.

Ya Falmata ce ta karɓe aikin gadin lambar, ba wanda ya sa ta. Ba ta karanta boko, amma ta san lambobi saboda waya. Kullum da hantsi za ta zo, ta gaishe mu da wushe irin na yarensu, ta ja kujera gaban allo. Janareta na yin tari za ta ɗaga murya: "Dubu uku da ɗari bakwai da sha biyu!" Oga Ishaku ya naɗa ta injiniyar shago, ita kuma tana zuwa mana da gyaɗa. Wallahi ina kewar kwanakin nan.

Wata Laraba lambobin suka tsaya da kansu, janareta na ta ruri. Jerin ya ƙare, babu Modu a ciki. Na kasa juyowa.

Ta faɗi lambar ƙarshe kamar yadda ta saba, ta gyara mayafinta, ta ce, "To ɗana, gobe daga nawa za mu tashi?"



A ƙa'idar aiki, kafin a miƙa manhaja akan goge irin wannan layi mai buga lamba, don na gwaji ne. Ni kuwa tun daga ranar nakan tsaya in tambaya ko akwai mai jira a gaban allon. Kwamfuta ba ta bukatar ganin lambar. Mutum ne ke son ya san ana nan ana neman nasa.