Kalmar da ToMidal Ya Daina Faɗa

ToMidal bai iya kiɗa ba, gara a faɗi wannan tun da wuri. In ka ba shi jita, riƙon jariri zai yi mata. Abin da Allah ya ba shi kunne ne da ɗan zaƙin murya, sai kuma iya haɗi. Ka kawo masa waƙoƙi biyu da ba su taɓa gaisawa ba, ta coci da ta gidan rawa, zai zauna gaban kwamfuta ya yanka nan ya dasa can har su zama ɗaya. Tsofaffi su ce haɗin gambiza ne, amma ƙafarsu na motsi.

Tun yana goye, dutse ya yi aman wuta ya binne garinsu, don haka ya tashi a gidajen dangi a gefen garin Kokopo da ke bakin teku, yau nan gobe can. Da ya girma ya kama aikin shanya 'ya'yan koko, waɗanda ake yin cakulan da su. A wurin shanyar ya haɗu da ToKeake, dogo mai surutun tsiya, wanda shi kam ya iya jita. Suka samo tsohuwar kwamfuta, suka sa wa makirfo safa, suka liƙe bangon ɗakin ToKeake da kwalin ƙwai. A nan suka yi waƙarsu ta farko da ta shiga motocin haya: wani amon masunta da kakar ToMidal ke yi, suka ɗora shi kan kiɗan rege. Amshinta kalma ɗaya ce ana ta maimaitawa, malana, wato safiya da yarensu.

Sai ya ga IaRodi a kasuwa tana sayar da ayaba, ya nema, aka ba shi. Sunan uwarta IaMalana.

To, a al'adarsu suruki ba ya kama sunan surukarsa, ita ma ba ta kama nasa, kuma in sunan kalma ce da ake amfani da ita, kalmar ta fita daga bakinsa ke nan. Ranar da aka ɗaura auren ToMidal ya rasa safiya. In ya fito sai ya ce wa maƙwabta, "Barka da hasken gari," yara na dariya. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, ya rasa amshin waƙarsa.

Tsohuwar kuwa ta yi masa abin da babu wanda ya taɓa yi masa. Ta yanka masa fili a ƙasarta, ta kuma bar masa ƙarƙashin gidanta, tsakanin dirkokin da aka ɗora gidan a kai, ya kewaye da katako ya mayar ɗakin ɗaukar murya. Ba ta taɓa kallon sa ido cikin ido ba. In ta dafa ayaba da madarar kwakwa sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta ce wa iska, "A gaya wa ɗan nan abinci na hucewa." Da aka haifi yara ya koma "baban yara". Mutumin da ya tashi ana tura shi gida-gida ya san darajar wannan kunyar, kuma yana son tsohuwar ƙwarai, ko da yake ba abin da zai iya faɗa mata ba ne.

Waƙar kuma suka yi mata dabara. Duk lokacin da za su sabunta ta, ToMidal ya rera baitinsa, in ya zo kan kalmar ya kame baki, ToKeake ya cike gurbin.

"Kai, ka makara," in ji ToMidal. "Har rana ta take kafin ka faɗa."

"To faɗa da kanka mana, mai kunne."

"Allah ya shirye ka."

"Ni dai Allah ya tsare ni da auren 'yar mai suna Ruwa," in ji ToKeake. "Da ƙishi zai kashe ni."

Haka suka yi shekaru. Mutane suka saba da muryoyin biyu har suna zaton salo ne.

Daga baya ToKeake ya sami aikin haƙar ma'adinai a wani tsibiri ya tafi. Ba a jima ba iskar teku mai gishiri ta cinye kwamfutar, ta tafi da duk abin da suka tara. ToMidal ya sayi wata, ya soma daga farko. Yana binciken wani tsohon katin waya ne ya ci karo da ɗaukar da suka yi tun ta ɗakin ToKeake. Ya kunna. Ga muryarsa ta samartaka, wasai, tana jan kalmar nan har ƙarshen numfashi. Ya maimaita ta ya fi a ƙirga, da abin saurare a kunne don kada a ji a sama.

Ya kira ToKeake a waya ya gaya masa abin da ke ransa.

"Bari in ɗauka a nan in turo maka," in ji ToKeake. "Abu kalma ɗaya?"

"Ba ita ba ce. Ka ji yadda na ja ta kuwa?"

"Na ji, ai ina wurin. Mutumina, a ƙarƙashin ɗakinta fa kake zaune."

"Ba zan buɗe baki ba. Bakin da ya faɗa na saurayi ne, bai da suruka."

ToKeake ya yi dariya har da tari. "Wallahi da lauya ka zama. Ni dai ba ruwana."

IaRodi ba ta yi dariya ba da ya kawo mata wannan hujjar. Tana kankare kwakwa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Bakin na saurayi ne. Hannun da zai ɗauko ya dasa fa, na wa ne?"

Gaskiya ita ce shekara da shekaru bai ji waƙarsa cikakkiya da muryarsa ba, kuma ya yi kwaɗayi. Ya rera sabon baiti da muryarsa ta yanzu, mai kauri, ya yanko kalmar daga tsohuwar ɗauka ya dasa a kowane gurbi. Aiki ya yi kyau, ba a ganin ɗinki. Shi ne mafi kyawun abin da ya taɓa haɗawa, wannan ba a musu. Ya tura wa direba ɗaya kawai, wai ya ji. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin Lahadi ta zagayo babu motar da ba ta sa ta, kuma hanyar motocin ta bakin gidan IaMalana ta bi.

Ya jira faɗa, bai zo ba. Ya jira a tara dangi a kansa, shi ma shiru. Har ya soma cewa a ransa ko tsohuwar kunnenta ya yi nauyi.

Wata rana da yamma yana cikin ɗakin yana gyaran waya, ya ji takunta a kan tsani. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta tura ƙyauren ta shigo, abin da ba ta taɓa yi ba, ta miƙa masa kwanon hannu da hannu, ta dube shi tsakiyar ido kamar yadda ake duban ɗan haya.

"ToMidal," ta ce, "ga abincinka."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta hau sama.

Ya goge waƙar daga kwamfutarsa a ranar, amma tana cikin wayoyin rabin gari. Ya aika dattawa biyu su ba da haƙuri, ta karɓe su da fara'a, ta ce ita ba ta san an yi mata laifi ba. Ba ta kore shi daga filin ba, ba ta rage masa ko loma ba.

Yanzu ya yi furfura a gemu. Yana nan yana shanya koko, samari na kawo masa waƙoƙi yana haɗa musu, kuma har yau "barka da hasken gari" yake cewa. Tsohuwar na da rai. Kullum in ya fito tana zaune a kan tsani, takan gaishe shi da sunansa, a fili, gaban 'ya'yansa.