Wanda Ya Riga Ni Zuwa Wara

Jihar Kebbi tana jaririya aka ɗauke ni aikin binciken ingancin magunguna. Ofis ya ba ni kwana uku in kawo samfurin abin da ake sayar wa mutanen bakin ruwa. In na dawo hannu rabbana, aikin ya tafi. Inna kaɗai na gaya wa, tun saura mako.

Litinin, Shanga

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gidanmu a Yelwa, cikin a-kori-kurar Ɗanjuma, naira goma sha biyu. A shingen 'yan sanda Ɗanjuma ya dubi jakata.

"Malam, mi ke ciki?"

Na ce tufafi. Ya yi wata dariya da ban so ba. A Shanga na shiga kemis uku, kowace kanta wayam, sai auduga da man zafi. Na ce a raina lalle ɗan banzan direban nan ne ya tsegunta musu.

Talata, Wara

Na guje shi, na hau jirgin ruwa mai inji, awa huɗu ƙugu na ciwo. Na sauka wurin Kawu Bawa, ƙanen Inna, mai sayar da magani. Na tarar da tuwon shinkafa da miyar kifi an rufe suna jirana.

"Kawu, wa ya ce maka ina tafe?"

"Jini ai ba ya ƙarya, ɗana. Ci abinci."

Shagonsa a kulle, wai ana fenti. Na kai hanci bakin ƙofa, ko warin fenti babu.

Laraba, gida

Ƙarfe huɗu na iso, jaka fayau, raina a ɓace. Inna ba ta ɓoye ba.

"Ni na aika ma Bawa saƙo, shi ko ya gaya ma 'yan Shanga, don wurinsa suke saro kaya. In bari ka tona asirin ƙanena?"

Wallahi na ji kamar in yi kuka. Ta jawo gwangwanin kafson hawan jini da Kawu ke aiko mata za ta sha, ga ƙafafunta a kumbure wata da watanni. Na karɓi ɗaya na buɗe a tafin hannu, na ɗanɗana. Garin rogo! Ita ma ta lasa. Can ta turo mini gwangwanin.

"Kai ma ofis. Ka rubuta sunansa daidai."

Na gode Allah da ya dawo da ni kan lokaci. Ɗanjuma kuwa, ina roƙon ya yafe mini zargin da na yi masa.