Ranar da Na Ɓoye Gauraka a Rumbu

Ko gaisuwar safe na manta, ba zan manta da ranar da na kulle gauraka a rumbun kakata ba. Lokacin salula ta fara shigowa garinmu, ina ɗan samari mai ƙaramar gonar shinkafa a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, kuma babu abin da nake mafarki sai injin ban ruwa.

Wani Alhaji da ke zuwa sarin tumatir daga birni ya ce yana son gauraka ta ƙawata masa tsakar gida. A fige mata gashin fiffike don kar ta tashi, ta riƙa yawo baƙi suna kallo. In na kawo, inji nawa ne. A duk fadamarmu kuwa biyu kawai suka rage, mata da miji, kullum suna taku a kunyar gona kamar masu duba aikin leburori.

Na warware zaren buhu na ɗana tarko. Kwana uku, ɗaya ta faɗa. Ta sare ni da baki a goshi, har yau in an tambaye ni tabon sai in ce faɗa na raba a tasha. Na naɗe ta a buhu, na shiga gida ta baya, na zura ta a rumbun kakata da hatsinsa ya kusa ƙarewa, na mayar da murfi. A ganina na fi kowa dabara a jihar Kano.

Abin da ban lissafa ba shi ne rumbun ƙasa ganga ne. Washegari da hantsi ta saki kuka ɗaya, wallahi na tabbata an ji a Madobi. Akuyoyi suka tsinke igiya. Kafin in gama tunanin ƙaryar da zan yi, sai ga ɗayar tana kewaya saman gidanmu tana amsawa. Ta ciki ta kira, ta sama ta amsa, maƙwabta suka cika zaure. Na ce musu ƙila tsohon rumbun ne yake tsagewa. Babu wanda ya ko yi mini karar yarda.

Kakata ta fito da sandarta. Da ma ni da ita wasan jika da kaka muke, ita matata ce ni mijinta. Ta dubi sama, ta dube ni.

“Mai gidan, ashe raba aure kake yi? To ni ma na yi yaji. Kokon safe ka nema a wurin Alhajinka.”

Na ce, “Haba amarya, tsuntsu ne fa.”

Sai ta daina dariya. Ta ce tana budurwa, kafin a haƙa kanal, garke-garke suke sauka a fadama har ba a jin maganar juna. Aka yi ta kamawa ana kaiwa gidajen masu hali, kuma ita ba ta taɓa ganin wadda ta yi ƙwai a tsakar gida ba. “Biyun nan su ne ƙarshe. Ka ɗauke ɗaya, ka ɗauke duka.”

Ni da kaina na leƙa rumbun. Baƙuwar tawa ta cinye irin shinkafar tsohuwa tas, ta bar mata kashi tukuici. Na rungumo ta zuwa bakin kanal, rabin unguwa a bayana ana yi mini tsiya. Ina sakinta ɗayar ta sauko, suka hau tsalle suna buɗe fukafukai suna rusuna wa juna. Ni ko a bikina ban ga rawa irin wannan ba.

Inji dai ya wuce ni, na ƙara shekara biyu ina aron na maƙwabci. Amma da girbin shinkafar shekarar da na sake ta na hango gaurakin su uku, har da wani ɗan tsako mai tsayin ƙafa yana tuntuɓe a baya. Kakata ta ce in je in gaida ɗana, sannan ta dawo mini da kokona.

Tun ranar na gane abin da ya kusa ƙarewa ba a kai shi gidan mutum ɗaya. Yanzu in na ga tarko a fadama nakan tsinke shi, in mai shi ya yi magana in nuna masa goshina.